Ihu a Filin da Babu Kowa

"Auta, kin wanke hannu kafin ki ɗauko kofin nan?"

"Na wanke, Goggo."

"Da sabulu, ko dai kin nuna wa ruwa hannun ne kawai?"

Auta ta yi murmushi ta ajiye tiren shayi a gaban Goggo, yayar mahaifinta. Goggo ta zo ne da niyyar kwana biyu a farkon annoba, dokar kulle ta rutsa da ita, aka ɗage dokar, ita kuwa ba ta ɗaga ba. Falon na ta ƙamshin sanitaiza. A bakin ƙofa akwai bokiti mai famfo da sabulu, a kan wani mazauni da Baba ya ƙera da hannunsa, don shi kafinta ne, shagonsa na jikin gidan ta waje.

Gidan nan a da gidan ƙwallo ne. Baba da ƙaninsa Baffa ba sa fashin wasan ƙungiyar garin, ko ana rana ko ana ruwa. Wasan ƙarshe da aka yi da 'yan kallo kafin a rufe filin, tare suka je. Baffa ya dawo da tari, bai ga ƙarshen watan ba. Daga ranar da aka binne shi Baba ya naɗe rigar ƙungiyar ya jefa ƙasan akwati, ya hana kunna wasa a rediyo, ya kuma kafa doka: duk wanda ya shiga taron jama'a, kada ya tako masa gida.

To ga inda matsalar take. Wanda Auta za ta aura a filin wasan yake aiki. Shi ne mai sanarwa, yana zama a wani ɗan ɗaki mai gilashi a saman kujerun 'yan kallo, yana faɗin wanda ya fita da wanda ya shiga. Kowa Mai Lasifika yake ce masa. An riga an tsayar da maganar aurensu, annoba ce kawai ta sa aka jinkirta. Da aka dawo da wasanni ba tare da 'yan kallo ba, ya zo ya durƙusa nesa da Baba, da takunkumi a fuska, ya rantse cewa daga 'yan wasa sai ma'aikata, shi kuma shi kaɗai ne a ɗakinsa. Baba ya yarda ya ci gaba da zuwa hira, amma a tsakar gida, kujera nan, kujera can.

Ranar nan Asabar ce. Goggo tana murɗa rediyo tana neman shirin likita, sai ga wani ihu ya cika falon, ihun dubban mutane, da ganguna da fito. Mai sharhi na ta shelar cewa ƙungiyar garin ta ci.

Goggo ta ajiye kofi a hankali. "Auta, wannan wane fili ne?"

"Namu ne, Goggo."

"Wanda saurayinki ya rantse babu kowa?"

Goggo ta nuna rediyon da yatsa.

"To waɗannan aljanu ne ke tafi? Kira min ubanki! Kafinta! Zo ka ji abin da ake kwaso mana!"

Da la'asar Mai Lasifika ya zo da fara'arsa, ya wanke hannu a bokiti, ya tarar da gidan gaba ɗaya a tsakar gida ana jiransa: Baba ya haɗe rai, Mama ta sunkuyar da kai, Goggo ta gyara zama kamar alƙali, sai yayan Auta, wanda ake kira Kyaftin tun yana yaro saboda son ƙwallo, ya jingina da bango. Da Mai Lasifika ya ji ƙarar da ake yi a kansa, sai ya yi dariya. Dariyar nan ita ta fara ɓata masa.

"Ai rikodin ne, Baba. Tsohon ihu ne da na ɗauka tun kafin annoba. 'Yan wasa sun ce filin ya yi musu shiru kamar maƙabarta, shi ne..." Ya ga yadda fuskar Baba ta sauya, ya yi saurin cewa, "A gafarce ni, Baba. Shi ne ake sa musu."

"Rikodin!" in ji Goggo. "Rikodin ɗin ne ya san an ci ƙwallo? Da kunnena na ji. Ana ci suka tashi da ihu, aka ɓarar suka ce kash! Kaset ne mai ido?"

"Ni nake dannawa, Goggo. Akwai na murna, akwai na haushi, akwai na ganga. Ina kallon wasan, ina zaɓa." Ya zaro waya ya miƙo daga nesa. "Ga hoton kujerun, ko tsuntsu babu."

"Da sassafe ka ɗauka, kafin su zo. Mu za ka yi wa wayo? Na girmi uwarka."

Baba ya juya ga ɗansa. "Kai ne masanin ƙwallo a gidan nan. Ana yin haka?"

Kyaftin ya sosa ƙeya. "To... ni dai Baba ban taɓa gani ba. Amma ana raɗe-raɗin ana shigar da mutane ta ƙofar baya."

Auta ta kalli yayanta. Bai ɗago ido ba, yana ta zana ƙasa da babban yatsan ƙafa.

"Baba, ka zo da kanka ranar Asabar ka gani," in ji Mai Lasifika.

"Ni? In taka filin nan?" in ji Baba. "Tashi ka tafi. Kada ka dawo sai na neme ka."

Da abin ya tsaya nan da sauƙi. Amma a satin nan Mama ta kwanta da zazzaɓi da tari, numfashi ya fara yi mata wuya. Aka gwada ta, aka ce cutar ce, aka tafi da ita asibiti inda ba a barin kowa ya shiga. Aka ce sauran mutanen gidan su killace kansu. Abokan hirar Baba, tela da direba da mai kemis, suka zo suka tsaya tsallaken titi suna yi masa jaje da ɗaga murya, shi kuma yana tsaye a ƙofar shago. Maƙwabta suka fito. Ana cikin haka sai ga Mai Lasifika, ya tsaya daga nesa ya durƙusa.

"Baba, ya jikin Mama?"

Auta na leƙe ta tagar kicin. Ba ta taɓa ganin mahaifinta haka ba.

"Maƙaryaci!" Baba ya nuna shi da yatsa, duk titin na ji. "Filinku ya cinye min ƙani bai isa ba, sai da ka ɗebo cutar ka kawo wa matata! Ku gan shi nan, jama'a! Yana shiga cikin dubban mutane, ya zo ya rantse min da Allah babu kowa!"

"Baba, duk sati ana gwada mu, ba ni da..."

"Rufe min baki! Babu kai, babu 'yata!"

A faɗi gaskiya yadda take: wannan zalunci ne. Ba a bincika ba, ba a kira shaida ba, ba a bar wanda ake tuhuma ya ƙarasa ko jimla ɗaya ba. Baƙin ciki uzuri ne na kuka, amma ba ya ba kowa izinin yanke hukunci. Kuma maganar da aka faɗa a titi ba ta kwana a titin. Kafin sati ya zagayo, mai askin unguwa ya ce masa injinsa ya lalace, alhali ga wani a kujera ana yi masa. A motar haya mutane suka riƙa sauka in ya shiga. Yara suka sauya masa suna, daga Mai Lasifika zuwa Mai Cuta.

Auta ta yi kuka har idanunta suka kumbura. Ba ta saɓa wa mahaifinta ba, ba ta fita ta same shi ba. Sau ɗaya kawai ta kira shi, tana tsugunne a bayan kicin.

"Ka faɗa min gaskiya, ni kaɗai. Ko mutum kaɗan ne, suna shiga?"

"Har ke, Auta?"

"Don Allah, kada ka ce har ni. Uwata na asibiti, ba na iya ganinta. Ni ma na ji ihun nan da kunnena!"

"Wallahi babu kowa. Akwai hanyar da zan gamsar da Baba yau ɗin nan, amma ba zan bi ta ba."

"Wace hanya?"

"Bar shi kawai. Gara ya tsane ni da in fama masa ciwo."

"Ka ga irin ta ko? Kullum akwai abin da kake ɓoyewa!" Ta kashe wayar, ta kifa kai a gwiwa. Tana son sa, amma zuciyarta ta fara ƙirga duk wata magana da ya taɓa faɗa mata, tana juya ta tana duba bayanta. Zargi haka yake, in ya shiga gida ba ya tsayawa a ɗaki ɗaya.

Goggo kuwa ba ta ɓata lokaci ba. "Share hawayenki, 'yar nan. Akwai ɗan ƙawata, a kwamfuta yake aiki daga ɗakinsa. Ko taga ba ya buɗewa. Irin mijin wannan zamanin kenan."

"Goggo, miji nake so, ba kayan ajiya ba."

"Ji bakinta! Da bakin nan kika jawo mana Mai Cuta."

Allah ya taimaka, Mama ta warke ta dawo gida, ta rame, tana tafiya tana dafa bango. Auta ta ɗauke mata duk aikin gida. Amma kowace Asabar, in ta shiga kicin, sai ta sa iyafis a kunne ta kamo wasan a wayarta. Ba don son ƙwallo ba. So take ta kama shi da ƙarya ko ta wanke shi, ɗaya daga ciki, don ta samu ta yi barci.

Wata Asabar tana yankan albasa, mai sharhi ya ce rafali ya hana ƙungiyar garin fenariti. Ihun haushi ya tashi. Daga cikin ihun sai wata murya mai kauri, a dishe, ta fito sama da kowa:

"Rafali, ina tabaranka?!"

Sai wata 'yar dariya mai kama da tari ta biyo baya.

Wuƙar ta suɓuce daga hannun Auta. Ta tsaya cak. Ta san muryar nan. Da ita aka yi mata wasa tana goye. Ko a gida, in Goggo ta raba faɗan yara ta ba mai gaskiya rashin gaskiya, haka Baffa ke ce mata. Ta ce wa kanta kunnenta ne, kewa ce. Ta ci gaba da saurare. Can gaba rafali ya sake yin wani hukuncin, ihun haushi ya sake tashi, sai ga muryar, kalma ɗaya, sauti ɗaya, da 'yar dariyar nan a daidai inda ta zo ɗazu.

Ta ruga ɗakin Mama ta faɗa jikinta tana kuka tana ba ta labari. Mama ta daɗe tana shafa mata kai.

"In ke kika gaya masa ba zai yarda ba, in ni ce ma haka. Sai ya ji da kunnensa. Za ki iya?"

"Zai yi fushi, Mama."

"Zai yi. Amma ana ta cin mutuncin ɗan mutane a gari, mu muna zaune muna tsoron fushi."

Asabar ta gaba Auta ta ɗauki abincin Baba a hannu ɗaya, rediyon falo a ɗaya hannun, ta shiga shago. Baba na buga ƙusa a ƙafar wata kujera, dusar katako ta yi masa fari a gira. Ta ajiye kwano, ta ɗora rediyo a kan teburin aiki, ta kunna. Ihun 'yan kallo ya cika shagon.

"Kashe shi!" Baba ya ɗaga guduma. "Ke ma kin fara raina ni? Kashe, ko in farfasa shi!"

Auta ta durƙusa a cikin dusar katakon, ta rufe rediyon da hannuwanta. "Baba, ban taɓa saɓa maka ba. Ka dake ni in ka so. Amma don Allah ka saurara, har rafali ya yi kuskure."

"Har me?"

"Har rafali ya yi kuskure, Baba."

Hayaniyar ta fito da Goggo, Mama na biye da ita a hankali. Ba a daɗe ana jira ba, don a wannan fannin rafali ba ya ba da kunya. Ihun haushi ya tashi.

"Rafali, ina tabaranka?!"

Gudumar ta sauka ƙasa. Baba ya laluba bayansa ya zauna a kan kujerar da bai gama ba, bakinsa a buɗe.

"Wani ne mai irin muryarsa," in ji Goggo, amma ita ma ta dafe ƙirji.

Suka zauna, su huɗu, suna jiran rafali ya sake yin laifi kamar masu jiran baƙo. Da muryar ta dawo, da dariyarta, Baba ya rufe fuska da tafukansa, kafaɗunsa na girgiza. Tun ranar jana'iza Auta ba ta ga hawayensa ba.

Goggo ta share ido, nan take ta sauya hanya. "To ka gani! Muryar mamaci ya ɗauka yana wasa da ita! Ni dama yaron nan bai kwanta min ba."

"Goggon yara." Baba ya ɗago. "Mamaci ba ya zuwa kallon ƙwallo. In muryar ƙanina na cikin ihun nan, ihun tsoho ne. Yaron nan gaskiya ya faɗa." Ya goge fuska da hannun riga. "Kira min Kyaftin."

Kyaftin ya shigo, ya ga rediyo, ya ga idon uban, ya san ta ƙare.

"Na sake tambayarka. Ana sa ihun rikodin a filin da babu kowa?"

"Ana... ana yi, Baba. Ko'ina ma haka ake yi yanzu."

"A ina ka sani?"

Da kyar maganar ta fito. Akwai wani gidan kallon ƙwallo a bayan gareji, ana kulle ƙofa daga ciki, samari a cushe ba takunkumi, suna kallon wasannin ƙasashen waje. Can yake zuwa duk ranar da ya ce ya tafi gyaran waya. "Na ga in idonka na kansa, ba ya kaina. Sori, Baba. Wallahi ban zaci abin zai kai haka ba."

"Sori!" Auta ta miƙe, hawaye na zuba. "Yaya, kana ji yara na kiransa Mai Cuta, kana wucewa! Sori za ka ce?"

Wanda ya kawo wa Mama cutar, Allah kaɗai ya sani. Likita ma ya ce ba ya iya faɗa, don haka ba za a ɗora wa Kyaftin abin da ba a tabbatar ba. An riga an yi wa mutum ɗaya haka, ya isa. Amma ƙaryar da ya yi ranar da aka tambaye shi, wannan laifi ne tabbatacce, kuma babba.

Baba ya yi ajiyar zuciya. "Je ka kira min yaron. Ka ce ya same ni a falo, in ba shi haƙuri."

"A falo ka zage shi, Malam?" Mama ce, tana dafe da ƙofar shago.

Baba ya kalle ta.

"A titi ka zage shi, titi ya kai wa gari. Yanzu za ka ja shi ɗaki ka rufe ƙofa ka ce yi haƙuri, gobe ya fita mai aski ya sake korarsa? Ni aka ce ya sa wa cuta. Da sunana aka ɓata shi. Ban yarda ba."

"To ya kike so in yi? In bi gida-gida?"

"Ka fi ni sanin inda gari ke jin magana."

A lokacin hukuma ta ba da izinin 'yan kallo su dawo, kaɗan-kaɗan, da takunkumi, da tazara. Amma an buɗe ƙofa, mutane sun ƙi shiga. Baba, wanda ya riga ya yi allurar rigakafi, ya tara abokan hirarsa a ƙofar shago ya gaya musu komai, ya ce su raka shi ranar Asabar.

Tela ya ce, "Ni sai an yi min allura ta biyu, sannan in yi shawara."

Direba ya ce, "Ni fa na saba da rediyo. Ba turereniya, ba wanda zai yi min atishawa a ƙeya. In an ci mu ma in kashe in kwanta."

Mai kemis ya ce, "Matata ta ce in na je, in nemi wurin kwana a can."

"Ku da kuke tsallaka katanga in tikiti ya ƙare?" in ji Baba.

"Kai ma da bakinka ka ce filin ne ya kashe ƙaninka, Kafinta. Yau kuma kai ne mai gayya?" in ji tela.

Gaskiyar magana, Baba ya fi su tsoro.

Ranar Asabar ya sa takunkumi biyu, ɗaya kan ɗaya. Auta na gefensa, Kyaftin na biye a baya riƙe da kwalbar sanitaiza, ba ya ko tari don kada a tuna da shi. A ƙofar fili aka auna musu zafin jiki a goshi. Ciki kuwa kujeru ne jere, an liƙa wa yawancinsu jan tef, mutane tsilli-tsilli, ɗaya nan ɗaya can, kowa na satar kallon na kusa da shi. Suna hawa matakala wani ya yi tari daga sama. Baba ya tsaya cak ya riƙe ƙarfe, gumi na keto masa.

"Baba, mu koma in ba za ka iya ba," in ji Auta a hankali.

Ya daɗe yana numfashi. "Yaron nan kullum nan yake zuwa, ya koma gida ta cikin masu zaginsa. Riƙe min hannu."

Suka zauna har aka tafi hutun rabin lokaci, sannan suka hau zuwa ɗakin gilashi. Mai Lasifika na ganin su ya miƙe zumbur, kujerarsa ta faɗi. Ya rame, sumarsa ta taru. Ya durƙusa.

"Tashi," in ji Baba. "Me ya hana ka ce in saurari muryar ƙanina? Da magana ta ƙare tun ranar."

"'Yan wasa ne suka roƙa in riƙa sa musu ita, Baba. Sun ce in ba su ji Baffa na faɗa da rafali ba, kamar ba a gida suke wasa ba. Amma kai ko rigar ƙungiya ba ka iya kallo. Na kasa zuwa in ce maka zo ka ji shi, don kawai in wanke kaina."

Baba ya juya baya na ɗan lokaci. Da ya juyo sai ya nuna makirfon da ke kan tebur. "Wannan, in na yi magana, rediyo ma na ɗauka?"

"Yana ɗauka, Baba. Amma ba sai ka..."

"Kunna."

Ya feshe makirfon da sanitaiza, ya riƙe da hannu biyu. Muryarsa ta karaɗe filin.

"Jama'a, salamu alaikum. Ni ne kafinta, wan marigayin nan da kuka sani mai faɗa da rafali. Na tsaya a titi na kira yaron nan mai sanarwa maƙaryaci. Na ce yana shiga taro a ɓoye, na ce shi ya kawo cuta gidana. Ban bincika ba. Ƙazafi na yi masa, shi mai gaskiya ne. Duk wanda ya ji daga bakina ya ɗauka, ya ajiye. Duk wanda ya kai maganar gaba, ya koma inda ya kai ta ya gyara. Mai aski, da kai nake. Ina roƙonsa gafara a gabanku. Kuma na ba shi 'yata, in har yanzu yana so."

Filin ya yi tsit. Mai Lasifika ya manta makirfon a kunne yake.

"Ina so, Baba! Wallahi ina so!"

Sai dariya ta ɓarke daga kujeru, aka hau tafi. 'Yan wasan da ke fitowa suka ɗaga hannu suna fito, har rafali ya tafa. Mutanen ba su da yawa, tafin nasu bai kai rabin na rikodin ba, amma na masu rai ne. Auta ta ja mayafi ta rufe fuska, tana kuka tana dariya.

"Ni ma ka yafe min," ta ce da shi ƙasa-ƙasa. "Na zarge ka."

"Ranki ya daɗe, ke ce fa kika kama ɓarawon," ya ce. "Sai dai kin tarar ba ɓarawo ba ne."

An yi auren ba da jimawa ba, ba taro, daga dangi sai maƙwabta. Kyaftin ya bi majalisar samari ɗaya bayan ɗaya yana gyara abin da ƙaryarsa ta ɓata, don Baba ya ce ba zai ci abinci da shi a kwano ɗaya ba sai ya gama. Baba ya koma kallon wasa, da takunkuminsa, a can gefe inda iska ke kaɗawa. Tela ya biyo shi daga baya. Direba har yau rediyo yake ji, kuma ba wanda ya ga laifinsa, don kowa ya san abin da annoba ta ɗauke masa.

Yara masu tasowa, ku riƙe wannan. Jin tsoron cuta hankali ne, kiyaye kai wajibi ne. Amma tsoro ba hujja ba ne a kan mutum, kuma abin da kunne ya ji sai an bi shi an tabbatar kafin baki ya yanke hukunci. Auta ta yi haƙuri, ta yi biyayya, amma ba ta naɗe hannu ba, ta nemi gaskiya har ta same ta. Mai Lasifika ya zaɓi a ci mutuncinsa da ya ƙara wa tsoho baƙin ciki, Allah kuwa ya wanke shi a gaban gari. Wanda kuma ya ɓata sunan wani a bainar jama'a, ya sani cewa haƙurin da ya bayar a ɗaki bai biya ba.

Saura mutum ɗaya. Goggo, wadda ta fara kunna wutar, ta ci abincin biki ta ƙoshi, ta ce dama ita tun farko ta ga alamar kirki a fuskar yaron. Wannan ba ban haƙuri ba ne. Har yanzu ana jiran nata.